Bayan Sallama Daga Asibiti, Wa Zai Zauna a Gidan?

Karatunmu: Matiyu 12:43-45, Luka 10:30-35

Akwai wata tambaya da iyaye suke kawo wa fastoci da dattawan ikkilisiya, galibi bayan an tashi daga sujada jama'a sun watse, da muryar da ba ta son kunne na uku ya ji. Ga yadda take: “Baba Fasto, mun kai yaron nan asibiti, mun sayar da abin da muka sayar, an kwantar da shi, an sallame shi ya dawo gida kamar sabon mutum. Ko wata biyu ba a rufa ba ya koma ruwa. Shin maganin asibitin nan yana aiki kuwa, ko asarar kuɗi muka yi?”

Wannan tambaya ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ce, bai kuma kamata a sallami mai ita da “sai a ci gaba da addu'a” kaɗai ba. Uwar da ta sayar da keken ɗinkinta domin ta biya kuɗin gado ta cancanci a gaya mata abin da aka sani. An kuwa san abu mai yawa, gama likitoci sun fi shekara hamsin suna bin sawun mashayan da aka sallama daga asibiti, domin su ga abin da ya same su bayan sun koma gida. Abin da suka gano ya zo daidai da wani gajeren misali da Ubangijinmu ya bayar.

A sura ta 12 ta Bishara ta hannun Matiyu, Yesu ya ba da labarin ƙazamin ruhu da ya rabu da wani mutum. Ya yi ta gararamba a busassun wurare bai sami masauki ba, sai ya yi shawarar leƙa tsohon mazauninsa. Da isowarsa ya ga wurin ya sha shara, an gyara kome tsaf, amma babu mai gida. Bai shiga shi kaɗai ba. Ya koma ya gayyato waɗansu bakwai da suka fi shi sharri, suka tare tare, har halin da mutumin yake ciki a dā ya zama da dama-dama in an gwada shi da na yanzu. Ubangiji yana magana ne a kan mutanen zamaninsa da suke neman alama, ba kuma ina cewa kowane mashayi aljani ne ya shige shi ba; wannan fahimta ta jawo wa 'ya'yanmu dūka da ɗauri masu yawa, za mu kuwa zo kanta. Abin da nake so mu lura da shi ɗaya ne. Yesu bai ga laifin tsintsiya ba. Shara aiki ne mai kyau, wajibi ne ma. Inda masifa ta shigo shi ne an share gida an bar shi ba kowa.

Abin ya kai ƙofar kowa

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi bincike a dukan jihohin Nijeriya, aka fitar da sakamakonsa a watan Janairu na 2019. An samu cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da masu shan giya da taba sigari. Masu tabar wiwi sun kai miliyan 10.6. Masu shan ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba sun kai miliyan 4.6, masu kwankwaɗar maganin tari mai kodin kuma miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Wannan ya kamata ya tsayar da zumuntar mata, gama muna yawan zaton wannan ciwo na samari ne.

Mu da muke zaune a Ƙetaren Gwari ba ma bukatar a kawo mana lissafi daga Abuja kafin mu gaskata. Unguwarmu unguwar masu aikin ƙarfi ce. Duk wanda ya ratsa ta garejin makanikai da hantsi zai ga yara masu koyon aiki kwance a ƙarƙashin mota, ga masu walda, ga masu gyaran jikin mota, ga 'yan acaba da masu keke suna jiran a sallame su su koma hanya. Da yawa daga cikin waɗanda tiramol ta kama ba neman nishaɗi ne ya kai su ba. Wani ne ya ce musu in sun haɗiyi guda za su yi aikin mutum biyu ba gajiya. Da fari haka ɗin ne. Bayan 'yan watanni sai guda ta daina isa. Tiramol da likita yake rubutawa ƙarfinta miligiram 50 ne ko 100, amma wadda ake shigo da ita ta bayan fage takan kai 225, yaro kuwa ya watsa biyu ko uku a baki da lemo. Yaron nan yana iya zama mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, sunan ubansa kuma yana cikin littafin dattawa.

Aikin tsintsiya

Jikin da ya saba da ƙwaya ko giya yana sake tsarinsa domin ya zauna da ita. In an yanke masa ita farat ɗaya, sai ya yi bore. Abin da asibiti yake yi a kwanakin farko shi ne yaye, kamar yadda uwa take yaye jariri daga nono, sai dai wannan yaye yana da haɗari.

Mai shan kodin ko tiramol, in ya daina, cikin yini guda zai fara hamma da hawaye da majina, sai ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki, amai da gudawa, rashin barci, da wata irin ƙaguwa da ba ta barinsa ya zauna wuri ɗaya. Abin yakan yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda ko kwana goma. Da wuya wannan ya kashe mutum in ana kula da ruwan jikinsa, amma azabar takan sa ya tsallake katanga ya nemi ƙwaya ko ta halin ƙaƙa. Tiramol kuma tana da nata ƙarin sharri, gama yawanta yana jawo faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya.

Giya ita ce ta fi haɗari, abin da iyalai da yawa ba su sani ba ke nan. Mutumin da ya shekara da shekaru yana shan burkutu ko ogogoro kullum, in ya yanke a rana ɗaya, hannunsa zai fara rawa cikin sa'o'i 6 zuwa 24. Yana iya faɗuwa yana jijjiga a cikin kwana biyun farko. A kwana na uku ko na huɗu waɗansu sukan ruɗe, su yi ta zufa, zuciya tana bugawa da sauri, suna ganin macizai da ƙwari a bango. Wannan hali yana kisa in ba a yi magani ba. Haka ma masu shan ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam da roci. A asibiti ana ba mutum magani mai kwantar da jijiya, a riƙa rage masa shi kaɗan-kaɗan, a yi masa allurar bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa, a sa masa ruwa, a riƙa auna bugun jini dare da rana.

Saboda haka, iyaye, ku ji wannan da kyau. In maigida ya fito gaban bagadi ranar Lahadi ya yi alkawari ba zai ƙara shan giya ba, mu yi murna, mu yabi Allah, ranar Litinin kuma a raka shi wurin likita. A fara da Babban Asibitin Minna, a gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha da yawansa da tsawon lokacin da ya yi yana sha, shi ne zai ce ko a gida za a yi yayen ko sai an kwantar da shi, ko kuwa a tura shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, inda akwai sashe na musamman domin masu shaye-shaye. Kada a kulle mai shan giya a ɗaki da sunan azumin kwana uku. Ana iya buɗe ƙofa a tarar da gawa.

Ban ga dalilin da zai sa mai bi ya ji kunyar ƙofar asibiti ba. Wanda ya rubuta Bishara ta uku da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus kuwa ya ambace shi da ƙauna a Kolosiyawa 4:14. Waɗanda suka kawo mana bishara sun zo da Littafi a hannu ɗaya, akwatin magani a ɗaya hannun. Asibitin Vom tun 1922 yake, na Galmi a Jamhuriyar Nijar tun 1950, na Evangel a Jos tun 1959. Kakanninmu cikin bangaskiya ba su taɓa ganin allura kishiyar addu'a ba ce.

Abin da aka gani bayan sallama

To, yanzu ga amsar tambayar uwar nan. In ana nufin ko asibiti yana iya fid da mutum daga kwanakin yaye da ransa da lafiyarsa, amsa ita ce i, yana yi, ba kuma wurin da ya kai shi iyawa. In kuwa ana nufin ko kwana goma ko mako biyu a gado sun isa su raba mutum da shaye-shaye, bincike ya ce ba su isa ba.

Tun a 1971 waɗansu masana a Amurka, Hunt da abokan aikinsa, suka tattara sakamakon wuraren jiyya masu yawa, suka ga cewa masu shan hodar iblis ta hiroyin da masu giya da masu taba duk hanyarsu ɗaya ce: wajen kashi biyu cikin uku sukan koma cikin wata uku na farko. A 2010 aka buga wani bincike daga birnin Dublin na ƙasar Ailan, inda aka bi mutum 109 da aka kwantar domin yaye su daga hiroyin da danginta. Kashi 91 cikin 100 sun koma, kashi 59 kuwa tun a makon farko. Amma a cikin wannan binciken akwai haske: waɗanda suka zauna suka cika mako shida na shirin, da waɗanda suka ci gaba da zuwa ganin masu ba da shawara bayan sallama, sun fi daɗewa a tsaye. Gaskiya ne waɗannan Turawa ne, abin da suke sha kuma ya fi namu ƙarfi, amma kodin da tiramol 'yan ɗaki ɗaya ne da hiroyin, ƙofa ɗaya suke bi su shiga ƙwaƙwalwa.

Akwai binciken da ya fi waɗannan tayar da hankali, shi ne kuma ya sa na zaɓi wannan nassi. A 2003 Farfesa John Strang da abokan aikinsa a Landan suka ba da rahoton mutum 137 da aka kwantar domin yaye. Cikin wata huɗu bayan sallama, uku sun mutu saboda shan ƙwaya fiye da kima. Dukan ukun suna cikin waɗanda suka kammala yayen lafiya lau. Cikin waɗanda suka gudu ba su gama ba, babu wanda ƙwaya ta kashe a wannan lokaci. Dalili a fili yake. Jikin da aka yaye ya manta da sabon da ya yi. In mutum ya koma ya sha adadin da ya saba sha a dā, abin da jiya yake sa shi layi kawai, yau sai ya tsayar masa da numfashi. Wato wanda aka fi share wa gida shi ya fi shiga haɗari in aka bar shi shi kaɗai. Ubangiji ya ce ƙarshen mutumin ya fi farkonsa muni. Ga likitocin Landan sun ƙidaya gawawwaki sun tarar da haka.

Kada wannan ya karya mana zuciya. A shekarar 2000 McLellan da waɗansu likitoci suka gwada shaye-shaye da ciwon suga da hawan jini da asma. Suka nuna cewa kashi 40 zuwa 60 na waɗanda aka yi wa jiyyar shaye-shaye sukan koma cikin shekara guda, masu hawan jini da asma kuma ciwonsu yakan tashi da yawa haka ko fiye, musamman in sun yi sakaci da magani. Wa ya taɓa cewa asibiti ƙarya ne domin jinin Mama ya sake hawa bayan ta bar shan ƙwayarta ta koma cin gishiri? Sai dai a ce ta koma wurin likita. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta daɗe tana koyar da cewa yaye matakin farko ne kawai, jiyyar da ta gaza wata uku kuma amfaninta kaɗan ne. Ga masu hiroyin da danginta akwai magunguna irin su metadon da ake ba mutum kullum na tsawon lokaci a ƙarƙashin kulawar likita, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2005, bincike kuma ya nuna suna rage mace-mace ƙwarai. Wannan magana ce ta likita da mai ciwo, amma in likita ya kawo ta, kada dattawa su ce ai canza ƙwaya aka yi da ƙwaya.

Mari bai taɓa warkar da kowa ba

Sa'ad da asibiti ya yi tsada, ko yaro ya koma bayan sallama, iyaye sukan juya zuwa gidan mari. A 2018 shirin BBC a kan kodin ya nuna wa duniya samari ɗaure da sarƙa a wani gidan gyaran hali a Ɗorayi, Kano, washegarin fitowarsa kuwa gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da ɗaruruwan maza da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Wata guda bayan haka aka sami irinsa a Daura.

Kada wani mai bi ya karanta wannan ya ce abin na maƙwabtanmu ne. Rahoton da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar a ƙarshen 2019 ya sami mutane a ɗaure a wuraren gwamnati, da na masu maganin gargajiya, da na Musulmi, da gidajen addu'a na Kirista. Sunan Yesu ana kiransa a kan yaron da aka ɗaure a gindin itace, yana amai yana kiran uwarsa. Ku buɗe Markus sura ta 5 ku ga. Mutanen Garasa sun sha ɗaure mutumin nan na makabarta da sarƙa da mari, duka ya tsintsinke. Yesu bai ƙara masa ko zobe ɗaya ba. Da ya dawo cikin hankalinsa ya roƙi ya bi shi, sai Ubangiji ya komar da shi gida wurin danginsa. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba masu irin wannan ciwo haƙƙin a bi da su da mutunci. Abin kunya ne doka ta riga ikkilisiya gane wannan.

Dinari biyu da alkawarin dawowa

Mun saba yabon Basamariyen nan domin ya tsaya a hanya, ya zuba mai da ruwan inabi a raunuka, ya ɗaure su. Wannan taimakon gaggawa ne, shi ne kwatancin gadon asibiti. Amma labarin ya wuce nan. Ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jiyyarsa. Da gari ya waye ya ciro dinari biyu, ladan aikin kwana biyu ke nan na ɗan ƙwadago, ya danƙa wa mai masauki, ya kuma ɗaure kansa da alkawari cewa zai dawo ya biya duk abin da aka ƙara kashewa. Bai san ko nawa zai zama ba. Ya karɓi bashin da ba a yanka masa iyaka ba, a kan mutumin da bai san sunansa ba. Mu kuwa mukan yi baiko na musamman a biya kuɗin gado, mu tafa hannu ranar da yaro ya ba da shaida, daga nan kowa ya kama gabansa.

Ɗan Nijeriya ne ya fara nuna wa duniya amfanin dangi a irin wannan jiyya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya kafa wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa suke zama a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da wani ɗan'uwansa, su je asibiti da rana su dawo cikin jama'a da yamma. Daga baya Lambo ya zama mataimakin babban darakta na Hukumar Lafiya ta Duniya. A wannan asibiti na Aro ne kuma aka buɗe sashen jiyyar masu shaye-shaye a 1983. Lambo ya gane cewa wanda aka warkar a bayan katanga, a cikin jama'a zai zauna.

Wurin da mutum ya koma yana da nauyi ƙwarai. A lokacin yaƙin Biyetnam, kusan soja ɗaya cikin biyar na Amurka ya ce hiroyin ta kama shi a can. A 1971 aka sa dokar gwada fitsarinsu, wanda aka samu da ita a tsare shi 'yan kwanaki a yaye shi kafin ya hau jirgi. Kowa ya zaci za su cika titunan Amurka da maye. Wata masaniya mai suna Lee Robins ta bi su, ta tarar cewa wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai ƙwayar ta sake kamawa a shekarar farko, kashi 12 cikin shekara uku. Yayensu bai fi na kowa inganci ba. Abin da ya bambanta shi ne sun bar fagen yaƙi da abokan sha da mai sayarwa, sun koma wurin iyali da aiki. Namu yaron kuwa ana sallamarsa ranar Juma'a, ranar Asabar yana zaune a benci ɗaya da abokan jiya, mai shagon da yake ba shi bashi yana ɗaga masa hannu. In da hali, watanni ukun farko ya yi su wurin kawunsa a Paiko ko Kuta, ko wurin gwaggonsa a Suleja, muddin gidan na masu tsoron Allah ne kuma zai iya zuwa ganin likita a ranakun da aka sa masa. In ba hali, a sake masa wurin aiki da hanyar da yake bi.

Yadda iyali suke magana da shi ma an yi bincike a kai. A 1999 Miller da Meyers da Tonigan, a Jami'ar New Mexico, suka raba mutum 130 da suke da mashayin giya a gida wanda ya ƙi zuwa jiyya. Waɗansu aka shirya su su tara dangi su tsare shi su faɗa masa laifinsa gaba da gaba. Kashi 30 cikin 100 na mashayansu ne suka shiga jiyya. Waɗansu kuma aka koya musu wata hanya: su daina yi masa faɗa sa'ad da yake cikin maye, su daina rufa masa asiri da biya masa bashin giya, su nuna masa fara'a da kulawa a ranar da ya wuni garau, su jira lokacin da zuciyarsa ta yi laushi su kawo maganar likita. A nan kashi 64 suka shiga jiyya. Taron dangi da muke kira a zazzage wa yaro kwandon zagi a gaban ƙannensa, ga sakamakonsa. Bulus ya riga ya gaya wa Galatiyawa a farkon sura ta 6 cewa wanda aka kama da laifi da tawali'u ake komo da shi, mai komowar kuma yana lura da kansa.

Game da zumunci fa? Ƙungiyar tsofaffin mashaya da ake kira Alcoholics Anonymous ta fara ne a 1935 a garin Akron na Amurka, sa'ad da mashaya biyu, ɗaya dillalin hannun jari ɗaya likita, suka gane cewa in suna magana da juna suna iya wuni ba sha. Ɗaya daga cikinsu, Bill Wilson, ya shaida cewa wurin wani limamin Angilika mai suna Sam Shoemaker suka koyi binciken zuciya da furta laifi da biyan waɗanda aka cuta. A 2020 masana suka tattara bincike 27 da ya ƙunshi mutum fiye da 10,000, suka ga cewa shirin da yake shigar da mutum cikin irin wannan zumunci yana kai sauran hanyoyin ba da shawara wajen riƙe shi ba sha, sau da yawa ma yana fin su. Kayanmu ne aka ara, aka gwada, aka ga yana aiki. Muna da ɗakin taro da yake kulle daga Litinin zuwa Laraba. Muna da dattawan da Allah ya fisshe su daga ɗakin burkutu shekara ashirin da suka wuce, waɗanda ba su taɓa faɗa wa matasa ba saboda kunya. Me zai hana su zauna da waɗannan yara sau ɗaya a mako, ba wa'azi, ba rubuta suna, abin da aka faɗa a ɗaki kuma ya tsaya a ɗaki?

Sai maganar aiki. Hannun da ba ya riƙe da sifana zai riƙe wani abu. A ikkilisiyoyinmu na Minna akwai masu gareji, da kafintoci, da teloli, da masu shago a Kasuwar Kure. Ɗan'uwa mai gareji, na san abin da za ka ce: yaron ya taɓa sace maka batir. Gaskiya ne, kada kuma ka ba shi makullin sito a watan farko. Amma ka ba shi wurin da zai zo ƙarfe bakwai na safe, inda in bai zo ba wani zai tambaya. Kuɗin sallamarsa na mako a riƙa ba uwarsa ko matarsa a gabansa, da yardarsa, har ƙafarsa ta yi ƙarfi. Kai kuma oga, ka dubi yawan aikin da kake ɗora wa yaranka, gama wani lokaci mu ne muke neman aikin mutum biyu daga jikin mutum ɗaya, sa'an nan mu yi mamakin abin da yake haɗiya.

Tun kafin ranar sallama ya kamata uba da uwa da dattijo ɗaya su zauna da likita, su tambaye shi ranar dawowa, da maganin da za a ci gaba da sha, da ko akwai ciwon damuwa ko rashin barci da yake ƙarƙashin shan, gama sau da yawa akwai. A kwashe duk wani maganin tari da ƙwayar ciwo da ke cikin gida. In uba yana da kwalba a bayan gado, ita ma ta fita. A gaya wa yaron a fili, ba da tsoratarwa ba, cewa jikinsa ba zai ƙara ɗaukar abin da yake ɗauka a dā ba. Kowa a gidan kuma ya san alamun haɗari: barcin da ba a iya tashe shi, numfashi a hankali ko da minshari mai nauyi, leɓe ya sake launi, ƙwayar ido ta tsuke. In an ga haka a kwantar da shi a gefensa, a nemi mota nan take zuwa asibiti. Kada a ɗura masa manja ko madara, gama suna iya bi ta hanyar numfashi su shaƙe shi.

In kuwa ya zame ya sha, a kira likitan a ranar, kada a jira ya yi mako yana ɓoyewa. Dattawa su yi shawara a kan horo da hikima, gama yaron da aka karanta sunansa daga bagadi a watan farko na sallamarsa da wuya ya sake taka ƙofar majami'a, abokan benci kuwa ba sa dakatar da kowa. Ranar Lahadi mai zuwa a sa mutum ɗaya daga zumuntar matasa ya biya ta gidansu ƙarfe takwas, ya jira shi ya yi wanka, su taho tare.